MASU SAYEN TSORO DA KUƊI, KU ZO JANBAKO KYAUTA NE

Rubutun yana da ɗan tsawo, wanda ba shi da haƙuri ya wuce abinsa.

Kwana uku ke nan hotunan nan suna yawo a wayoyin mutanen yankinmu, daga Talatar Mafara zuwa Bakura zuwa Maradun, har ban san adadin waɗanda suka turo mini su suna cewa "Malam, kai ba za ka ce komai ba?" To zan ce. Amma ba zan sake ɗora hotunan ba, kuma ba zan ambaci sunan mai gidan ba, don akwai fuskokin yara a ciki, yaran kuwa ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wanda ya san shi ya san shi. Namu ne, a nan aka yanke cibiyarsa, a nan ya yi firamare, yanzu Allah ya ɗaga shi yana zaune Abuja da iyalinsa.

Ga wanda bai gani ba. A daren Juma'a, 31 ga Oktoba, an shirya wa yara liyafa a gidansa, irin wadda Turawa ke kira Halowin. An kashe fitilun falo an kunna kyandirori. An fafe kabewa, an yi mata idanu da haƙora, an sa wuta a cikinta. An rataye ƙwarangwal na roba a bakin ƙofa, an baza saƙar gizo ta ƙarya a jikin labule, a tsakar gida kuma an jera kaburbura na kwali a kan ciyawa. Kek ɗin ma siffar ƙoƙon kan mutum aka yi masa, ana yankawa wani jan abu na zuba. Yara sun yi shiga iri-iri, wannan fatalwa, wannan mayya, wancan gawa ce naɗe cikin farin ƙyalle. Duk wannan da na gani kai kawai na girgiza. Hoto na bakwai ne ya hana ni barci. Yaro ne da bai fi shekara goma sha ɗaya ba, an naɗa masa rawani ya rufe fuska sai idanu, an ɗora masa rigar soja a kan jamfa, ga layu a wuya, ga bindigar roba mai siffar AK a kafaɗa. A gabansa 'yan mata biyu ƙanana sun durƙusa, an ɗaure hannayensu da igiya ɗaya. Suna dariya. Manya a tsaye bayansu su ma suna dariya, kowa ya ɗaga waya. Wai shi ne ya zo na ɗaya a gasar shiga mafi ban tsoro.

A gidan ɗan Zamfara fa aka yi wannan.

Na bi abin da mutane suka yi ta rubutawa a ƙarƙashin hotunan. Mafi yawa magana ɗaya suke maimaitawa: haramun ne, koyi da Yahudu da Nasara ne, bikin matsafa ne. Wannan fagen malamai ne, sun yi bayani tun ba yau ba, ni kuwa ma'aikacin gwamnati ne, abina fayil da biro. Amma wallahi an bar jaki ana dukan taiki. Mutum ya duba hoto bakwai, ya yi shafi guda yana tsine wa kabewa, bai ce uffan kan igiyar da ke hannun yaran nan ba. To in tambaye ku: da a ce ranar Sallah aka yi wannan shigar, ko ranar bikin kammala makaranta, babu sunan Halowin a jiki, shi ke nan ta zama daidai? Da kun yi shiru? Ni abin da ke ci mini rai ya wuce sunan biki.

Kafin in shiga ciki, bari mu ɗan san abin da ake kwaikwayo, don na tabbata masu liyafar ma ba su tsaya tambaya ba. Asalin abin na tsofaffin mutanen Ailan da Sikotland ne, suna da wani biki da suke yi a ƙarshen Oktoba, daidai lokacin da aka gama kwashe amfanin gona aka sauko da dabbobi daga wuraren kiwo, sanyi na shirin shigowa. Sun ɗauka cewa a wannan dare matattu da iskoki na yawo cikin mutane, don haka ake hura wuta ana sauya kama. Daga baya coci ta sa ranar 1 ga Nuwamba ta zama ranar tunawa da waliyyanta, daren jajiberin sai ya ɗauki sunan da ake kiransa da shi yau. Yunwar da ta auka wa Ailan daga 1845, bayan lalacewar dankali, ta kori ɗimbin mutanenta zuwa Amurka, suka tafi da al'adarsu. A can ne kabewa ta shigo, a can ne kuma 'yan kasuwa suka karɓe abin gaba ɗaya. A 2023 ƙungiyar 'yan kasuwar Amurka ta ƙiyasta cewa za a kashe dala biliyan 12.2 kan wannan dare ɗaya, alawa da kayan sawa da kayan ƙawata gida.

Ku lura da abu ɗaya a nan. Bikin mutanen da hatsinsu ya shiga rumbu ne. Bikin mutanen da shanunsu suka dawo gida cif, ba a rasa ko maraƙi ba. Cikinsu ya ɗauka, ƙofarsu na rufe, sai suka ce bari mu ɗan tsorata juna mu yi dariya. Mu fa? Ƙarshen Oktoba a wajenmu shi ne lokacin da dawa ke nuna a gona mai ita na kallonta daga nesa. Shi ne lokacin da saƙo ke zuwa daga daji cewa gari kaza ya haɗa miliyan kaza kafin a sa lauje. Shi ne lokacin da mai unguwa ke bi gida-gida da littafi yana rubuta abin da kowane magidanci zai kawo, har da wanda aka kashe wa ɗa bara. Shanun noma kuwa kada ma a yi zancensu, yaro ɗan shekara goma a wasu garuruwanmu bai taɓa ganin garke ya kwana a bayan gida ba. Kowa ya daka ta wani ya rasa turmin daka tasa. An ɗauko bikin rumbu cike an kawo wa mutanen da rumbunsu aka ƙone.

Wani ya rubuta cewa ai har Saudiyya ana yi. Gaskiya ne, a Oktoban 2022 an ga mutane a Riyad sun fito da irin wannan shigar, da izinin hukumar nishaɗin ƙasar. To sai me? Ni ban san yaushe abin da hukumar nishaɗi ta yi ya zama hujja ba. Kuma ka faɗa mini ƙauye ɗaya a kewayen Riyad da ke biyan haraji kafin ya girbe abin da ya shuka.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa wasa da tsoro baƙon abu ne a wurin Bahaushe. Ko kaɗan. Mu da muka tashi a Janbako shekarun 1980 mun sha shi har mun ƙoshi. Bayan isha'i, in farin wata ya fito, a dandali ko a ɗakin kaka, ana ba mu labarin Dodo mai haɗiye budurwar da ta ƙi jin maganar iyaye, da mayya mai kama kurwa, da aljanar bakin rafi mai ƙafar jaki. Kana ji kana matsawa jikin yayanka, fitsari ya matse ka amma ba ka iya fita. In azumi ya kai goma kuwa sai tashe. Mu liƙa gemun auduga mu yi tsoho, wani ya yi Jatau mai magani, wani a shafe shi da toka da baƙin tukunya a ɗaura masa igiya a kugu ana ja, yara ƙanana su watse da ihu, uwaye su yi dariya su ɗebo mana hatsi a ƙwarya. Bin gida-gida da yaran Amurka ke yi suna karɓar alawa, mu ma muna da irinsa, ba aro muka yi ba. Har Wagadugu fataken Hausawa suka kai wasan Dodo, yau ya zama al'adar azumin mutanen can.

Amma wancan tsoron yana da ƙa'ida, kuma kowane yaro ya san ta ko ba a faɗa masa ba. Ƙa'idar ita ce yana ƙarewa. Kaka za ta ce ƙurunƙus, a tofa maka addu'a, ka yi barci. Dodon tashe zai wanke fuska ka ga ashe ɗan maƙwabta ne. Ko a cikin tatsuniyar ma, ƙarshenta ana farke cikin Dodo, duk waɗanda ya haɗiye su fito da ransu. Tsoro na zama wasa ne kawai idan akwai zanen uwa da za ka ruga ka ɓuya a bayansa, kuma zanen ya isa ya kare ka.

Yau wa zai yi tashe da dare a ƙauyukanmu? Wane uba ne zai bar ɗansa ya rufe fuska ya bi lungu bayan isha'i? In bai haɗu da mutanen daji ba, zai haɗu da masu gadin gari da hannunsu ke kan kunama, su ma ba laifinsu ba ne, duk inuwar da ta motsa abin harbi ce. Dandali ya mutu. Tatsuniya ta mutu, don yaron da ya kwana uku a cikin dawa uwarsa na toshe bakin ƙanensa da hannu kada ya yi kuka a ji, me za ka gaya masa game da Dodo? Namu wasan tsoron an ƙwace mana shi da bakin bindiga. Sai ga ɗan uwanmu ya sayo na Turawa a kanti, ya rasa abin da zai sa a ciki sai mu.

Tunda ana son abin tsoro, bari in tuna wa mai gida wasu da ba na roba ba.

26 ga Fabrairun 2021, Jangebe, ƙaramar hukumar Talatar Mafara. 'Yan mata 279 aka kora daga ɗakunan kwanansu na makarantar sakandare cikin dare, da yawa ba takalmi, aka shiga daji da su. Agustan wannan shekarar, kwalejin aikin gona ta Bakura, an kwashi ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba, makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a nan Maradun, ɗalibai 73, da rana tsaka. A watan ne aka kashe layukan waya a jihar baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako, muka yi makonni wanda ke Gusau bai san ko uwarsa na raye a ƙauye ba sai in ya sami mai zuwa. Farkon Yunin 2023, ko mako ba a yi da rantsar da sabuwar gwamnati ba, Janbako da Sakida. Gawawwakin da aka jera ranar nan sun haura ashirin. Ni ba labari aka ba ni ba, garinmu ne, na san su, na san iyayensu, akwai wanda muka yi tashe tare da shi. Ranar ne na ga ana neman yadin likkafani a gari ana rasawa. Kai kuwa ka sami farin ƙyalle har ka naɗe ɗanka a ciki don nishaɗi. Sannan Yulin 2025, Banga ta Ƙaura Namoda, inda aka tara kuɗin fansa aka kai, amma aka kashe sama da mutum 30 daga cikin waɗanda aka kama. Wannan Dodon ba a farke cikinsa kowa ya fito.

Waɗannan su ne waɗanda suka shiga jarida. Wanda bai shiga jarida ba ya fi yawa, kuma shi ne ainihin tsoron. Ka ji ƙarar babur ɗaya da dare ka tsaya kana saurare ko ɗaya ne ko talatin. Ka kwana da takalmi a ƙafa. Karnuka su yi haushi ka tashi, su yi shiru ka fi tashi. Baƙuwar lamba ta kira ka, kafin ka ɗauka gwiwarka ta riga ta saki. Ka ɗauka ka ji muryar ƙanwarka ana dukanta don ka ji, sannan a ce ka kawo kuɗi, da babur sabo, da katin waya, da buhun shinkafa. Ka sayar da gonar gado a rabin kuɗinta ga wanda ya san ba ka da zaɓi. Ka zauna a majalisa kana auna kowace kalma, don ba ka san wane ne infoma a cikin waɗanda kuka yi sallah sahu ɗaya ba. Ta dawo bayan wata biyu, ba ta magana, ba ta son a rufe ƙofa, ba ta son a buɗe. Akwai matan da suka dawo da abin da ba a faɗa a Facebook. Waccan igiyar da aka ɗaura wa 'yan matan nan biyu a falo, akwai waɗanda har yau tabonta na wuyan hannunsu.

Na karanta wa wani kawuna bayanin hotunan ta waya, don idonsa ya yi rauni. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, wai kuɗi su ka biya a ba su tsoro? To ka ce musu su taho nan. Mu kyauta anka ba mu shi, har ya yi muna yawa, muna neman mai rage muna." Ya yi dariya, irin dariyar nan da ta fi kuka ciwo.

Yanzu bari in zo kan masu kare shi, don sun shigo mini ta bayan fage da yawa.

Na farko sun ce gidansa ne, kuɗinsa ne. To ai bai bar shi a gidansa ba, ya ɗora wa duniya ta gani. Abin da ka baza a kasuwa ba ka hana a taya. Batun kuɗi kuwa, ba zan ce ya ci haram ba, don ban gani ba, kuma ba na shaidar zur. Amma ni ma'aikaci ne shekara kusan ashirin, na san abin da kowane mataki ke ɗauka a wata, daga masinja har babban sakatare. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira dubu 70 ne. Ku kalli kayan da ke cikin hotunan nan, waɗanda washegari shara za a zuba su, ku yi lissafi da kanku. Kuma ko da guminsa ne tsantsa, kujerar da yake kai da sunan wa ya same ta? In aka zo rabon muƙamai a tarayya, ai da takardar shaidar ƙaramar hukuma ake shiga, a ce ga kason Zamfara. Da sunanmu aka shiga, da gawarmu ake wasa.

Na biyu sun ce yara ne, wasa ne. Yaro ne ya je kasuwa ya sayo rawani da rigar soja? Yaro ne ya ɗaura igiyar? Yaro ne ya ba da kyautar na ɗaya? Su kansu Turawan da ake kwaikwayo suna da iyaka. A 2005 Yarima Harry na Ingila, yana saurayi, ya je liyafar sauya kama sanye da kayan sojan Hitila. Ƙasar ta ɗauki zafi, sai da ya fito ya nemi gafara. Shekara sittin ke nan da gama yaƙin a lokacin, amma ba su yarda a mai da ciwonsu abin ado ba. Mu namu ciwon ko ɓawo bai yi ba. A daren da ake ɗaukar hoton nan akwai 'yan jiharmu ɗaure a Bayan Ruwa da Sububu da igiya ta gaske. An kwaikwayi kabewar Bature, an bar kunyarsa.

Na uku sun ce hassada ce, wai don ni ban samu ba. Wannan ba ya buƙatar amsa. Wani kuma ya ce ai kai ma Gusau kake kwana, ba Janbako ba. Ƙwarai, wurin aikina ke nan. Amma mahaifiyata na can, ƙannena na can, kuma in an buga ganga da ni ake haɗa kuɗin. Ba wanda ya ce laifi ne mutum ya kai iyalinsa inda za su yi barci. Duk wanda ya sami hali zai yi. Laifin shi ne ka tsallake rijiya ka juyo kana kwaikwayon ihun waɗanda suka faɗa.

Na huɗu su ne suka fi hankali, don haka zan ɗan tsaya a kansu. Sun ce to shi ke nan, don ana kashe mutane a Zamfara sai kowa ya daina farin ciki? Yaran Abuja su zauna cikin makoki har sai ranar da daji ya lafa? A'a. Ba wanda ya ce haka, kuma mutanen ƙauyen ma ba haka suke yi ba. Har gobe ana ɗaurin aure a Janbako, ana suna, ana kiɗa, sai dai a yi da rana a watse kafin la'asar ta yi sanyi. Ranar Talata kasuwar Mafara na cika, ana ciniki ana raha. Mutanenmu ba su bar dariya ba, da sun bari da sun haukace. Ka yi wa ɗanka liyafa, ka yanka masa rago, ka kai shi wurin lilo, Allah ya ƙara buɗi. Ko da mutumin nan ya tsaya kan fatalwa da jemage, da na bar shi da malamai, ban ɓata tawadata ba. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya yi biki a unguwar da ake zaman makoki, da wanda ya shigo gidan makokin yana kwaikwayon yadda mamacin ya yi shure-shure. Na farko rashin lura ne. Na biyu sunansa daban.

Akwai wani abu a hoto na huɗu da ban ga wanda ya kula da shi ba. Can gefe, kusa da ƙofar kicin, wata yarinya ce tsaye da faranti a hannu, da hijabi, ba ta cikin masu shiga. Ban san ta ba, ban san garinsu ba. Amma duk mun san daga ina ake kwaso 'yan aikin gidajen nan yanzu. Daga garuruwan da aka tasa ne, daga iyayen da ke kwana a tashar mota da kangaye a Gusau da Mafara, waɗanda suka ba da 'yarsu don bakin ci ya ragu. Ita ce za ta goge jan ruwan nan daga tayil da safe. Ita ce za ta kwance igiyar ta naɗe. Ko akwai wanda ya tambaye ta abin da ya raba ta da gida kafin a ce ta miƙo wa ɗan bindigar roba lemo?

Abin da ya fi ba ni tsoro, tunda zancen tsoro ake, shi ne shekara ashirin masu zuwa. Yaran nan na falo su ne za a kawo mana. Mun san yadda abin yake tafiya: a yi karatu a waje, a dawo, a nemo takardar ƙaramar hukuma, a buga fosta da babbar riga, a ce ɗanku ne, jikan wane. Yaron da a ƙwaƙwalwarsa ɗan bindiga kaya ne da ake sawa a ci kyauta a tuɓe, yaron da bai taɓa kwana a garin kakansa ba, bai san sunan unguwa ɗaya ba, bai taɓa jin warin rumbun da aka ƙone ba, shi ne zai zauna a kan fayil ɗin tsaronmu. Za a kawo masa rahoto an kashe mutum ashirin, ya sa hannu ya ce a ajiye. Ba don mugu ne ba. Don an rene shi a kan cewa abin fim ne. Nisan da ke tsakanin masu mulki da waɗanda ake mulka a jihar nan ba a ofis yake farawa ba, a irin wannan falon yake farawa. Muna ganin 'ya'yansa a wurin aiki kullum, mutanen da in ka ce musu hanyar Mafara zuwa Maradun ba ta biyuwa bayan ƙarfe kaza sai su dube ka kamar kana ba su tatsuniya.

Ku kuma masu tsinuwa, ban gama da ku ba. Zafin da kuka nuna kan ƙwarangwal na roba, ina ma a ce rabinsa kuke nunawa ranar da ake jera na gaske. Wasunku na duba shafukanku. Ranar Janbako ba ku rubuta komai ba, don lokacin gwamnatin taku ce sabuwa, ba a so a ɓata mata suna. Wasu kuma ranar Jangebe da Kaya suka yi gum, don lokacin tasu ce ke ci. Gawa ma sai an duba jam'iyyar da ke kan kujera kafin a yi mata innalillahi. Zagin kabewa ba ya hana mutum kwangila, shi ya sa kowa ya zama jarumi.

Ga mai gida, in wannan ya iso gare ka, kuma na san zai iso. Yaya, ni ƙanenka ne, kuma da ban ɗauke ka namu ba da ban yi magana ba. Ba na neman ka fito bidiyo kana kuka. Ka sauke hotunan. Ka zaunar da yaron nan da 'yan matan nan biyu, ka gaya musu da bakinka wane ne mutumin da aka sa shi ya kwaikwaya, da abin da ya yi wa garin da aka haifi ubansu. Sun isa su fahimta, tsaransu a nan sun fahimta tun suna shekara biyar. In hutu ya zo ka kawo su ko da Mafara ce, da rana, su gaida dangi, su ga 'yan uwansu da ke kwana a barandar shaguna. Kuma ka san ana haɗa kuɗin magani na waɗanda aka harba, ana haɗa na marayu, littafin na hannun mutanen da ka sani sarai, lambarsu na wayarka. Sau biyu aka aiko maka bana.

Masu yaɗa hotunan, don Allah ku rufe fuskokin yaran kafin ku tura, ko ku daina turawa gaba ɗaya. Yarinyar nan mai faranti ma ku rufe tata. Wanda ke da hujja ya zo mu tattauna a ƙasa, ina nan har dare. Wanda ya zo da zagi, ko ya rubuta sunan mutumin ko unguwarsa, zan goge ba tare da sanarwa ba.